Ingilishin Aji da Ingilishin Kasuwa: Sharhi a kan Littafin K. A. Sey ta Fuskar Salaga da Yendi da Bawku

1.0 Gabatarwa

A arewacin Gana, baƙo kan zauna da maigida suna hira, sai maigidan ya miƙe ya nufi ƙofa yana cewa "I am coming." Baturen da ya sauka daga Ingila jiya zai rikice, domin a wurinsa mai faɗin haka tahowa yake yi, ga shi kuwa wannan fita yake yi. Bahaushe ba ya rikicewa, don ya san "ina zuwa" ce aka faɗa da kalmomin Ingilishi. Babu kuskuren nahawu ko ɗaya a cikin jimlar. Abin da ya sauya shi ne wurin da ake faɗinta da abin da ake nufi da ita.

Irin waɗannan jimloli suna da yawa a bakin mutanen Gana, kuma an daɗe ana jayayya a kan matsayinsu. Jayayyar ta wuce ta malaman jami'a kawai, domin ɗalibin da bai sami sakamakon C6 ko abin da ya fi shi ba a darasin Ingilishi a jarrabawar kammala sakandare ta WAEC, ƙofar jami'a a rufe take gare shi komai ƙwazonsa a sauran darussa. Wannan takarda za ta yi sharhi a kan littafin da ya buɗe fagen wannan nazari, wato Ghanaian English: An Exploratory Survey na K. A. Sey, wanda kamfanin Macmillan ya buga a 1973. Za a auna ra'ayinsa da yadda ake magana a garuruwa uku da Hausa take da tsohon tarihi a cikinsu: Salaga da Yendi da Bawku.

2.0 Littafin da Matsayinsa

Sey ya duba Ingilishin 'yan Gana masu ilimin boko, ya tattara wuraren da ya saɓa wa daidaitaccen Ingilishin Birtaniya ta fuskar nahawu da ma'anar kalmomi da furuci. Kowane saɓani ya ɗauke shi a matsayin karkacewa daga ma'auni. Akwai ra'ayoyi biyu a littafin da suka fi jan hankalin masu nazari.

Na farko, ya yi taka-tsantsan wajen ɗora wa harshen uwa alhakin kowace karkacewa. A ganinsa da yawa daga cikinsu Ingilishin ne da kansa ya haife su: mai koyo ya riƙi ƙa'ida ya kai ta inda ba ta zuwa, ko kuma an koyar da shi rabi da rabi. Na biyu, ya yi shakkar ko akwai wani abu tsayayye da za a kira Ingilishin Gana. Hujjarsa ita ce, ɗan Gana mai ilimi ba ya yarda da wani ma'auni sai na Birtaniya, kuma da zarar an nuna masa cewa wata sifa ta maganarsa ta Gana ce, sai ya yi ƙoƙarin barinta.

Wannan ra'ayi na biyu ya sami magoya baya. Ahulu (1994) ya nuna cewa yawancin sifofin da ake jingina wa Gana ana samun su a wasu ƙasashen da Ingila ta mallaka. A duniya kuma, muhawarar ta fito fili tsakanin Quirk (1990), wanda ya tsaya a kan ma'auni ɗaya, da Kachru (1991), wanda ya kare 'yancin Indiya da Nijeriya da ire-irensu su kasance da nasu ma'aunin. Saboda haka littafin Sey ya riga babbar muhawarar da kusan shekara ashirin, kuma wannan kaɗai ya isa a girmama shi.

3.0 Garuruwan Uku

Kafin a shiga misalai, ya kamata a san irin harsunan da Ingilishi ya tarar a waɗannan wurare.

Salaga tana ƙasar Gwanja, a yankin Savannah da aka ƙirƙiro a 2019. A ƙarni na 19 ita ce babbar kasuwar da fataken Kano da Katsina da Sakkwato suke nufa don sayen goron Asante, kuma an yi cinikin bayi a cikinta. Cin Asante da Ingila ta yi a 1874 ya raunana kasuwar, sannan yaƙin basasa na 1892 ya tarwatsa fatake zuwa wasu garuruwa. Cikin waɗanda suka tashi har da Alhaji Umaru, malamin da aka haifa a Kano, wanda ya koma Kete-Krachi ya rasu a can a 1934. Shi ne ya yi aiki da Bajamushe Adam Mischlich, wanda ya wallafa ƙamusun Hausa a 1906. Wato dai Hausar wannan yanki ta shiga littafin Turawa tun kafin Ingilishi ya shiga bakin mutanen yankin.

Yendi ita ce fadar Ya Na, sarkin Dagwamba. Jamusawa sun ci ta da yaƙi a 1896, kuma yarjejeniyar 1899 ta bar ta a ƙarƙashin Togo ta Jamus har zuwa 1914. Daga nan ta koma hannun Ingila, ta shiga cikin Gana bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1956. Harshen gari Dagbani ne, Hausa kuwa tana da ƙarfi a zango da makarantun allo da harkar fatauci.

Bawku tana can kusurwar arewa maso gabas, dab da iyakar Burkina Faso da Togo. Akwai Kusasi da Mamprusi da Bisa da Mosi, kowa da harshensa, kuma Hausa ce ta fi haɗa su a kasuwa. Da an tsallaka iyaka kuma sai Faransanci.

Boko ya makara a duk faɗin arewa. An buɗe makarantar sakandare ta Mfantsipim a Cape Coast a 1876, amma makarantar gwamnati ta farko a Tamale sai a 1909, sakandare kuwa sai a 1951. Daga nan za a ga cewa ɗan Gana mai ilimi na 1973, wanda Sey ya yi magana a kansa, galibi ɗan kudu ne. Yaron zango a Salaga ko Bawku yakan shiga aji da harshe biyu ko uku a bakinsa, ga Larabcin makarantar allo, sannan Ingilishi ya zo a ƙarshe.

4.0 Sifofin Nahawu a Bakin Jama'a

Sifofin da ke tafe na Ingilishin waɗanda suka yi makaranta ne. Turancin buroka, wanda Huber (1999) ya nazarta a unguwannin Accra irin su Nima, harshe ne mai tsarin kansa, kuma bai kamata a cakuɗa su ba.

4.1 Lokaci Mai Ci

Littattafan nahawu suna koyar da cewa aikatau masu nuna hali, irin su "have" da "know", ba sa ɗaukar ɗafin -ing. Duk da haka ana jin:

(1) I am having two brothers.
(2) Ina da 'yan'uwa biyu.

A nan Hausa ta dace da (1) daidai wa daida, domin mallaka a Hausa da lamirin lokaci mai ci ake gina ta: ina da, kana da, suna da. Mai neman ɗora wa Hausa alhaki zai ce ga hujja. Sai dai a duba aikatau "sani" da "gane". Bahaushe yakan ce "na sani" da "na gane", da lamirin shuɗaɗɗen lokaci, ko da yake halin na yanzu ne. Da Hausa ce kaɗai sanadi, da ba za a sa -ing a irin waɗannan aikatau ba, kuma da ba za a sami (1) a Kumasi ko a Indiya ba, alhali ana samun ta. Bugu da ƙari, Ingilishin Ingila ya yarda da "I am having lunch." Yaron da ya ji wannan daga bakin malaminsa ba shi da dalilin zaton an hana shi faɗin (1). A wannan gaɓa Sey yana da gaskiya. Abin da za a ƙara masa shi ne, inda Hausa ta dace da sifar, takan ƙara mata gindin zama, har gyaran malami ya yi wuyar kamawa.

4.2 Amsar Tambaya Mai Korewa

(3) You didn't take the medicine? Yes.
(4) Ba ka sha maganin ba? I, ban sha ba.

Bature yana amsa wa abin da ya faru: in bai sha ba, "no" zai ce. Bahaushe yana amsa wa maganar mai tambaya: ka faɗi daidai, ban sha ba. Duka tsarin biyu suna da hankali a cikinsu, kuma na biyun ya yaɗu a harsunan Afirka da na Asiya. Wannan sifa ba ta cika fitowa a rubutu ba, don haka mai nazarin takardun jarrabawa da jaridu zai iya wuce ta. Amma ita ce mafi haɗari a cikin duk waɗanda za a ambata. A asibiti ko a kotu, inda mai tambaya ke bin tsari ɗaya mai amsa ke bin ɗayan, kalma guda na iya juya magana gaba ɗaya. A nan batun ƙaunar harshen gida bai taso ba. Wajibi ne a koya wa ɗalibi ya cika amsarsa, ya ce "No, I didn't", kamar yadda Bahaushe ke cika tasa da "ban sha ba".

Kusa da wannan akwai 'yar tambayar da ake liƙawa a ƙarshen jimla:

(5) You will come tomorrow, isn't it?
(6) Za ka zo gobe, ko ba haka ba?

Daidaitaccen Ingilishi yana so a sake gina wannan jela kowane lokaci bisa ga aikatau da wakilin sunan jimlar, a ce "won't you" a nan, "didn't she" a can. Hausa tana da sifa ɗaya, "ko" ko kuma "ko ba haka ba". Faransancin da ke ƙetaren Bawku yana da "n'est-ce pas" ɗaya tak. Matasan Landan ma sun taƙaita nasu zuwa "innit". Ashe Ingilishin littafi ne ya fita daban, sauran kuwa sun haɗu a kan hanya mafi sauƙi.

4.3 Wakilin Suna Mai Komawa Baya

(7) The man that I gave him the money has travelled.
(8) Mutumin da na ba shi kuɗin ya yi tafiya.
(9) Me, I don't know him.
(10) Ni ban san shi ba.

A (8) "shi" tana komawa ga "mutumin", kuma kyakkyawar Hausa ce. A (7) malamin Ingilishi zai ja jan layi a ƙarƙashin "him". Haka nan a (10) an fara da wakilin suna katsattse don a kafa wanda ake magana a kansa, sannan jimla ta biyo. Irin wannan gini ruwan dare ne a Hausa: "Audu kam, ya tafi", "goron nan, nawa ka saye shi?"

Abin lura shi ne, littafin Longman Grammar of Spoken and Written English na 1999, wanda aka gina a kan tarin maganar Turawan Ingila da Amurka, ya nuna cewa su ma a hira sukan gabatar da suna sannan su bi shi da wakilinsa. Ke nan (9) ba ta karkace daga maganar Bature ba, daga rubutunsa ta karkace. Wannan ya taɓa tushen littafin Sey, domin ma'aunin da ya riƙa na rubutu ne. A 1973 ba a riga an yi irin wannan nazari na maganar baka ba, don haka ba za a zarge shi ba. Amma mai karanta shi a yau dole ya san cewa ana auna hirar ɗan Yendi da ma'aunin da hirar ɗan Landan ma ba ta cika shi ba.

4.4 Jam'i da Madanganci

(11) He gave me many advices.
(12) Ya ba ni shawarwari da yawa.

Ingilishi ya ware wasu sunaye ya hana su jam'i, irin su "advice" da "information" da "furniture". Babu wata ƙa'ida da za ta sanar da mai koyo waɗanne ne, sai haddacewa. Hausa tana jam'inta shawara da labari da bayani, Faransanci ma haka. Dalilin (11) a fili yake, kuma maganinta jerin kalmomi ne da za a haddace.

Batun "the" ya fi wannan zurfi. Hausa tana da madanganci, wato -n da -r a ƙarshen suna, kamar "littafin" da "motar", amma aikinsa shi ne nuna abin da aka riga aka ambata ko aka sani tsakanin masu magana. Ba a sa shi a "rana ta faɗi" ko "ya tafi kasuwa". Ingilishi kuwa yana buƙatar "the" a wurare da dama irin waɗannan, sannan ya yar da ita a "go to school". Turawan ma ba su daidaita ba: na Ingila sukan ce "in hospital", na Amurka su ce "in the hospital". Malamin da ya gaya wa ɗalibi cewa "the" ita ce -n ta Hausa ya ba shi rabin gaskiya, kuma rabin da ya rage shi ne ke kayar da shi a jarrabawa.

4.5 Ninki

(13) They are selling it two two cedis.
(14) Ana sayar da shi sidi biyu-biyu.
(15) He is recovering small small.
(16) Yana samun sauƙi kaɗan-kaɗan.

A nan bayanin Sey na cewa Ingilishi ne ya haifi karkacewar ba ya aiki. Babu wata ƙa'idar Ingilishi da mai koyo zai faɗaɗa har ta kai shi ga (13). Ninki mai nuna rabo tsarin Hausa ne da harsunan maƙwabtanta, kuma a kasuwa yana da aiki tsayayye: "biyu" kuɗin tarin ne, "biyu-biyu" kuɗin kowane ɗaya. Mai faɗin (13) bai rasa komai ba, ya ma ɗauko wa Ingilishi wani kayan aiki ne daga harshen ciniki. Kalmar karkacewa tana nuna cewa an nufi wani wuri an kauce. Mai tallar nan kuwa inda ta nufa nan ta sauka, kuma mai saye ya gane.

Kalmomi ma suna ba da irin wannan shaida. Ingilishin Gana cike yake da aron Hausa: "zongo" daga zango, "waakye" daga wake, "kayayo" daga kaya haɗe da kalmar Ga mai nufin mace, da "wahala", da "tuo zaafi". Irin waɗannan kalmomin gida ne Dako (2003) ta tattara a ƙamusunta mai suna Ghanaianisms. Idan kalmomin Hausa sun kai har Accra, babu mamaki ginin jimlarta ya yi tasiri a garuruwan da take harshen kasuwa.

4.6 Jinsi

Wannan ita ce sifar da ta fi dacewa ɗalibin Hausa ya tsaya a kanta.

(17) My sister said he will come.

Musanya "he" da "she" sananne ne a Gana. Hausar Kano ba za ta zama sanadinsa ba, domin tana bambanta shi da ita, ya da ta, kai da ke, har ma ta fi Ingilishi tsanani, tunda kowane suna tilo yana da jinsi. Amma Dagbani da Kusaal da Twi ba su raba namiji da mace a wakilin suna. Abin da suke rabawa shi ne mai rai da marar rai. A Dagbani "o" tana tsayawa ga namiji da mace duka.

To, wannan matsin lamba da ya haifar da (17) shi ne kuma ya taɓa Hausar Gana, wadda ake kira Gananci. A bakin masu magana da yawa jinsin mace ya ɓace, ana jin:

(18) Yarinya ya zo.
(19) Matan shi ya tafi kasuwa.

Ana kuma furta "kyau" kamar "cau". Ke nan harsuna biyu baƙi, ɗaya ya zo da fatake ɗaya ya zo da 'yan mulkin mallaka, sun sauka a ƙasa ɗaya, kuma ƙasar ta sassaƙe su ta gefe guda. Bayanin da ya tsaya a kan harshen uwa ɗaya da Ingilishi ɗaya ba zai ga wannan ba. A Bawku ba a tambayar wane harshe ne ya shafi Ingilishin yaro, domin harsuna huɗu ko biyar ne suka daɗe suna shafar juna kafin Ingilishi ya iso.

Akwai darasi a nan ga masu nazarin Hausa. Malamin da ya kare (13) da (15) a kan cewa Ingilishin Gana yana da 'yancinsa, sannan ya yi wa (18) dariya ya ce ba Hausa ba ce, ya auna da mudu biyu. Abin da Landan take ga Accra, shi Kano take ga Salaga. Raunin jinsi ma bai tsaya a Gana ba, domin a karin harshen Zariya da na Bauchi ana jin "matan Audu" a inda daidaitacciyar Hausa ke cewa "matar Audu".

5.0 Hukunci a kan Littafin

Daga abin da ya gabata, littafin Sey ya tsaya da ƙafafunsa a wurare biyu. Gargaɗinsa game da saurin zargin harshen uwa yana nan da amfaninsa, kamar yadda 4.1 da 4.4 suka nuna. Haka kuma ya faɗi gaskiya game da halin masu ilimi, domin har yau iyaye da malamai da masu ɗaukar ma'aikata ma'aunin Birtaniya suke nema a rubutu.

Rauninsa kuma uku ne. Na farko, ya tara abubuwa mabambanta a ƙarƙashin suna ɗaya. Jimla ta (11) gibin haddacewa ce, ta (13) sabon kayan aiki ce, ta (9) maganar baka ce da Bature ma ke yi, ta (3) kuwa saɓanin tsari ce mai iya jawo ɓarna. Kiran su duka karkacewa ya hana malami sanin wadda zai fara da ita. Na biyu, hoton ɗan Gana da ke cikin littafin bai ɗauki yaron zango ba, wanda tsakaninsa da Ingilishi akwai wani harshen hulɗa da ya riga ya yi aikin da Ingilishi ke nema ya yi. Na uku, hasashensa bai tabbata ba. An shafe fiye da shekara hamsin ana bayyana waɗannan sifofi a littattafai da azuzuwa, kuma "I am coming" da "small small" suna nan daram a bakin likita da lauya. Abin da ya faru shi ne masu ilimi sun koyi raba wuri: wannan na takarda, wancan na hira. Jowitt (1991), wanda ya koyar a Jami'ar Bayero ta Kano, ya bayyana yawancin sifofin nan a Ingilishin Nijeriya, abin da ke ƙarfafa maganar Ahulu cewa ba na Gana kaɗai ba ne. Sai dai yaɗuwar sifa a ƙasashe da yawa hujja ce ta ƙarfinta, ba ta rashin kasancewarta ba.

6.0 Abin da Ya Shafi Aji

Manufar Gana game da harshen koyarwa ta sha sauyawa. A 2002 gwamnati ta mayar da Ingilishi harshen koyarwa tun daga aji ɗaya na firamare. A 2007 aka dawo da harsunan gida a ƙananan azuzuwa, kuma shirin NALAP da ya biyo baya ya shirya littattafai a harsuna 11. Gwanja da Dagbani suna cikin jerin, amma Kusaal da Hausa ba su shiga ba, duk da cewa gidan rediyon ƙasa ya daɗe yana watsa shirye-shirye da Hausa. A 2025 Ma'aikatar Ilimi ta sake jaddada koyarwa da harshen uwa a ƙananan azuzuwa. Yaron da Hausa ce harshensa na farko a zangon Salaga ko Bawku yana tsakanin dutse biyu: harshen da aka ce na yankinsa ne ba lallai ya zama na gidansu ba, wanda yake na gidansu kuma ba a tanadi littafinsa ba.

Duk da haka malamin da ke jin Hausa yana da abin yi ko babu littafi. Zai iya rubuta (7) da (8) a allo ɗaya bisa ɗaya, ya nuna wa yara cewa "him" ɗin nan "shi" ce, Hausa tana riƙe ta, Ingilishin rubutu yana yar da ita. Zai iya fara wa da amsar tambaya mai korewa, saboda haɗarinta, sannan jinsi da madanganci, saboda yawan makin da suke ci, ya bar ninki da "I am coming" a matsayin maganar gari da ba a kai ta takardar jarrabawa. Yaron da aka nuna wa dalilin kuskurensa ya fi saurin gyarawa a kan wanda aka ce masa kawai bai iya ba. Wannan ya shafi makarantun da ke haɗa Ingilishi da Larabci a ƙarƙashin sashen ilimin Musulunci da aka kafa a 1987, inda 'ya'yan zango suke da yawa.

7.0 Kammalawa

Wannan takarda ta auna littafin Sey (1973) da sifofi shida na Ingilishin yau da kullum, ta fuskar garuruwa uku na arewacin Gana. An ga cewa wasu sifofin daga Ingilishin kansa suka fito, wasu daga Hausa da maƙwabtanta, wasu kuma daga haɗuwar duka biyun. An kuma ga cewa abin da ya sami "he" da "she" a yankin shi ne ya sami "ya" da "ta". Littafin ya cancanci a ci gaba da karanta shi a matsayin mafari, tare da sanin cewa ma'auninsa na rubutu ne kuma idonsa yana kudu. Aikin da ke gaban ɗaliban sashen Hausa shi ne su naɗi hirar kasuwar Salaga da ta Yendi da ta Bawku, da Gananci da Ingilishi duka, su jera su kusa da juna, domin a san iyakar abin da kowanne ya karɓa daga ɗan'uwansa da kuma daga harsunan ƙasar da suka sauka.